Kaset ɗin Gwajin Baba

Ranar Asabar na shiga wani kedai, wato ɗan shago, a unguwar Cheras, nan ƙasar wajen da nake karatu, in sayi batir. A gajiye nake, malamina ya sake dawo mini da babi na uku na kundin digirina cike da jan biro, ga Baba can gida yana kwance yana jiran in gama in dawo. Sai na ji wata murya da na sani daga wata 'yar rediyo. Wallahi sai da na dafa teburin mai kedai.

A da Babanmu mai gyaran rediyo ne, a zauren gidanmu yake aiki. Wata rana ya sayi tsohuwar rikoda, ya tarar da kaset a ciki, ba kwali, sai rubutu kamar sawun kaza. Mace ce ke waƙa, muryarta na rawa a ƙarshen kowane baiti. Baba ba ya gwada rikoda da kaset ɗin mai ita, kada ta cinye a ce shi ne. Da wannan yake gwadawa. Damina da rani, cikin warin dalma da ƙonanniyar waya, matar nan ke rera mana. In muryarta ta fito tas, aiki ya yi. In ta ja kamar mai gyangyaɗi, sai ya sake kwancewa. Kakarmu ta rantse Ba'indiya ce mura ta kama. Baba kuwa yakan ce, "Ko wace ce, wannan baiwar Allah ta gaji."

Tsohon mai kedai ya ga na daskare. Ya ce 'yar Japan ce, tun tana ƙarama aka ɗora ta a dandamali, ga waƙa ga fina-finai, ita ke ciyar da gidansu. Ko da ciwo ya kama ta, ba ta daina ba. "Ta mutu tuntuni," in ji shi.

Yanzu ba mai kai rikoda gyara. Zauren ya koma shagon cajin waya. Ni kuma shekara ta biyar ke nan ina ce wa Baba saura kaɗan, har na fara jin kunyar kalmar.

Na kira shi daga tashar jirgin ƙasa ta MRT, ina ɗoki, na kwashe labarin na ba shi.

"Allah sarki," ya ce. "Ta samu ta koma gida ta huta kuwa?"

Na ce ban tambaya ba.

"To ke fa?"

Jirgi ya zo, mutane suka shiga, ya tafi ya bar ni zaune da waya a kunne. Baba bai kashe ba, yana jira.