Lauyan da Ya Karanta Shafi na Saba'in da Huɗu

Kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe, Lauya yakan tsaya a ƙofar gidan yari da jaka a hammata. Gandirobobi sukan ce, "Ga mai kiran suna ya iso." Sai ya zauna a benci, ya buɗe littafinsa, ya tambayi masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya: sunanka, yaushe aka kawo ka, ka taɓa ganin alƙali? Daga nan ya wuce ofishinsa, ɗaki guda a saman shagon wani tela. Shekara ashirin da biyu yana haka kafin mu tura shi majalisa. Ƙarshen watan nan zai rufe ofishin, domin idanunsa sun gaza. Ni malamin makaranta ne, gidana na kallon nasa, kuma ban ga alamar wani zai yi masa taron ban kwana ba.

Telan ya ba ni labarin yayansa, direban da ya yi wata goma sha huɗu a tsare saboda fayil ɗinsa ya ɓata. Kwana uku Lauya yana zaune a ɗakin ajiyar takardun kotu yana tonon kwalaye, har magatakarda ya gaji da shi.

"Lauya, ko mu kawo maka katifa ne?"

"A'a, sauko mini da kwalin can na sama dai."

A cikinsa fayil ɗin yake.

Da wannan hali ya tafi majalisa. Ba ya amincewa da takardar da bai karanta ba, kuma da rula yake bin layi, har abokan aikinsa suka sa masa suna Ɗan Firamare. A shekararsa ta uku aka kawo ƙudurin dokar tsaro, shafi ɗari da ashirin. Da safe aka raba, da yamma za a kaɗa ƙuri'a. Bai fita cin abinci ba. A shafi na saba'in da huɗu ya tarar da layi biyu da suka halatta a tsare mutum kwana casa'in ba a kai shi kotu ba.

Wani ɗan majalisa da ke wurin ya ce shugaban jam'iyyarsu ya tare Lauya a bakin zaure.

"Ƙanena, kai kaɗai ka yi boko? Hannu kawai aka ce ka ɗaga."

"Ranka ya daɗe, ka karanta shafi na saba'in da huɗu?"

"Ina da masu karanta mini. Ka ji ni da kyau, in ka buɗe baki yau, ka manta da tikitin takara."

Lauya ya shiga, ya miƙe, ya karanta layukan a hankali. Aka kashe masa makirufo, ya sake karantawa da muryarsa. Zauren ya kaure, dole aka cire sashen. Washegari jaridu suka buga hoton shugaban kwamitin tsaro na majalisa, wai shi ya ceci talakawa.

A zaɓen fidda gwani, ƙuri'a goma sha ɗaya Lauya ya samu. Abin da ya fi mini ciwo shi ne namu bakin. Mu da ya wakilta muka riƙa cewa ko babur ɗaya bai raba ba. Wata mai kayan miya ta ce wa matarsa a kasuwa, "Yaya, ashe rula kawai maigidan ya dawo miki da ita?" Mutane suka yi dariya. Ɗan wannan matar, Lauya ne ya taɓa yin belinsa.

Lauya, kai ne garkuwar marasa gata. Kai ne ka san tsawon kwana casa'in, domin ka ga fuskokin waɗanda suka yi su. Ka dawo ka hau matakalar nan ta saman shago, ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun ci amfaninka, muka kuma yi maka dariya.

Makon jiya ya aiko a kira ni. An sake kawo ƙudurin da sabon suna, shi kuma ba ya ganin rubutu. Yamma biyu ina karanta masa. A shafi na casa'in da ɗaya ya ɗaga hannu.

"Malam, maimaita layin nan."

Na maimaita. Kwana casa'in ne, ko kalma ba su canza ba. Sai ya ce, "To, yanzu wa zan gaya wa?"

Mun gode, Lauya. Allah ya saka maka da alheri, ya yafe mana abin da muka yi maka. Ku kuma matasan lauyoyi, da duk mai wakili a majalisa, aikin ya dawo kanku. Ku nemi takardar ku karanta, ku kira wakilinku ku tambaye shi abin da ke shafi na casa'in da ɗaya. Ranar Laraba za su ɗaga hannu.