Ranar da aka zo duba rijiyar Inna

Shekara uku na yi ina kai takarda ofis a kan rijiyar mahaifiyata. Gidanmu yana gefen Garwa, kuma a bayan katangarmu wani ɗan kasuwa ya gina dogayen rumfuna huɗu na kajin ƙwai. Ramin da yake zuba kashinsu taku ashirin ne daga rijiyar, ni na auna. Da damina ruwan yakan koma launin shayi, ya ɗauki wari. Ƙudaje kuwa har cikin kwanon tuwo.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo. Sanarwar da ta ce a nisanta irin wannan kiwo daga gidaje da rijiyoyi, ni na fassara ta daga Faransanci, ni na karanta ta.

A damina ta uku aka ce masu duba za su zo ran Talata. Na gaya wa Inna, don kada ta firgita.

Na iso da su da hantsi, maza biyu da mace ɗaya riƙe da takardu. Tun daga zaure na ji turaren wuta. An share tsakar gida, kasko uku na hayaƙi, babu ƙuda ko ɗaya. An rufe bakin rijiyar da sabuwar tabarma. Inna ta kawo ruwa a kwanon sha, garau. Ashe ta aika an sayo na famfo.

Babbansu ya sha, ya ce, “Na rijiyar ne wannan, Hajiya?”

“Ƙara mana, ɗana, akwai zafi,” in ji ta.

Na ce, “Inna, a ɗebo na rijiya su gani.”

“A gaban baƙi? Kai dai boko bai bar maka kunya ba.”

Na nemi guga, ashe ta ɓoye shi. Baƙin suna da wasu gidajen da za su je kafin azahar. Matar ta yi rubutu kaɗan, suka yi godiya.

Bayan wata biyu amsa ta zo: ba a ga abin damuwa ba. In ina son a sake zuwa, sai sabuwar takarda. Ban rubuta ba.

Da kaka muka rufe rijiyar da siminti. Mahaifina ne ya haƙa ta, shekarar da aka haife ni. Inna ta tsaya tana kallon magini har ya gama shafe, sannan ta tambaye ni ko baƙin nan sun ce gidanta da tsabta.

Na ce har sun rubuta.