Sunan Zamfir a Kan Takarda

Otilia Vrânceanu matsoraciya ce, kuma ba ta taɓa musu ba. Tana tsoron karen maƙwabciyarta da bai fi kyanwa ba, wayar ofis ma in ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Shekara ashirin da shida tana kula da kwamfutocin wani kamfanin ajiyar alkama a tashar jiragen ruwa ta Galați, daga ita sai burodinta da cuku a ɗan ɗaki mai sanyi. Ko gaba ba ta yi da kowa, don ita ma gaba sai da ƙarfin hali.

Duk abin da wata na'ura ta yi a kamfanin, buɗe ƙofa ne ko awon kaya, sai ta aika ɗan saƙo zuwa babbar kwamfuta, a rubuta shi da lokaci da sunan wadda ta aiko. To, tsofaffin na'urorin bakin ruwa guda goma sha biyu ba sa sanya sunansu. In saƙo ya iso ba suna, sai babbar ta liƙa masa sunan wadda ta miƙo shi daga ƙarshe. Shekara tara da suka wuce wayar da ta haɗa su da babbar kwamfuta ta tsinke, Otilia ta bi da saƙonninsu ta kwamfutar Zamfir mai sikeli, wai na sati ɗaya. Ba ta nemi izini ba don tsoron darakta, ba ta kuma gyara ba don kada a tambaye ta yaushe aka yi.

Wata Lahadi da tsakar rana aka buɗe rumbu na uku, motocin alkama uku suka fice ba da sanin kamfani ba. Ran Litinin darakta Pătrașcu ya ce ta buga masa saƙonnin a takarda, ta kai masa. A kan layin buɗe ƙofar sunan kwamfutar Zamfir ne ɓaro-ɓaro.

Darakta ya kira ɗan sanda ofishinsa, aka zaunar da Zamfir gabansa, hula a hannu. Saura wata huɗu ya yi ritaya.

"Ranka ya daɗe, na rantse da Allah ina coci, ana yi wa jikata baftisma!"

"To kwamfutar taka ce ta fita sata ita kaɗai?" in ji ɗan sandan. "Dattijo, injin ba ya ƙarya."

Zamfir ya waigo. "Madam Otilia, ke kin san ni. Ko kunna abin nan sai kin zo kin nuna mini."

Otilia tana tsaye a gefe. Ƙofa tana bayanta, taku biyu ne. Ta ga Zamfir ya fara hawaye, ita kuwa ko wannan ba ta iya jurewa.

"Yallabai, ba shi ba ne," ta faɗa. "Sunan na mai miƙowa ne. Na'ura goma sha biyu ke bi ta wajensa, duk sunansa suke ɗauka. Ni na haɗa haka."

"Tun yaushe?" darakta ya daka mata tsawa.

"Shekara tara."

Ɗan sandan ya ajiye biro. "Ke nan ba a san wacce ta buɗe ba. Wa ya san haka?"

"Ni."

"Wa ke iya shiga duka sha biyun?"

"Ni kaɗai."

"Baba, tashi ka tafi gida," ɗan sandan ya ce wa Zamfir.

Zamfir ya miƙe yana saka mata albarka, bai ma gane abin da ya faru ba. Ɗan sandan ya tura mata kujerar da ƙafa, ya buɗe sabon shafi.

"Zauna, madam. Ina kike ran Lahadi?"

Tana gida ne ita kaɗai, ƙofa a kulle, kamar kowace Lahadi, kuma babu wanda ya gan ta.