Kwanon Hajiya

Shekarar da nake neman lasisin shugabantar gidan kula da tsofaffi, na zama kamar sabon shiga makaranta, komai aka taɓa sai in ce littafi ya ce. Sharaɗin shi ne in yi wasu watanni ina koyon aiki a hannun mudira, wato shugabar gidan, sannan in zauna jarrabawa. Gidan na wata ƙungiyar taimako ne a unguwar Waziriyya, nan ƙasa mai tsarki, mata zalla. Kullum da safe maigidana yakan ɗauko ni daga unguwarmu Safa, yana tuƙi ina karanta masa dokokin ajiye magani da na fitar da mutane in gobara ta tashi, har ya ce saura shi ma a ba shi lasisin. Ina son aikin, ban taɓa fita ina jan ƙafa ba.

Ana haka aka kawo mana wata tsohuwa Bahaushiya, Hajiya muke ce mata. Tun tana budurwa ta zo daga Sudan, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Hankalinta garau, sai dai ba ta cin abinci. A kai ta ɗakin cin abinci ta zauna ta naɗe hannu, ta ce ta ƙoshi. Nan da nan ta fara zubewa, zobenta ma ya daina zama a yatsa. Likita ya ce in mako ya ƙare a haka, asibiti za a kai ta a sa mata roba ta hanci. Da na fassara mata, hawaye kawai ta share da gefen mayafi.

Mudira ta ce da ni, “Yarenku ɗaya. Yalla, maza ki rubuta mata tsarin kulawa, in ga abin da kika koya.”

Na ji daɗi ƙwarai. Littafi ya ce a zauna da wanda ba ya ci, a ƙarfafa shi, a rubuta abin da ya ci. Na sa aka kai mata abinci ɗaki, na jawo kujera na zauna gabanta da takarda da biro. “Hajiya, ko loma ɗaya.” Ta ce, “Alhamdulillahi, ’yata, na ƙoshi.” Kwana uku muna wannan, ina rubuta sifiri. Har haushinta na fara ji, Allah Ya yafe mini.

Ranar Juma’a na je unguwar Nuzla gaida mahaifiyata, na ba ta labari ina neman a tausaya mini. Ta ajiye carbinta ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke yanzu zama kike kina kallon bakinta?”

Na ce haka tsarin yake.

“Har da biro? Wallahi ni ce da ko ruwa ba zan sha ba. Ke tun da kika taso kin taɓa ganin kakarki tana tauna a gaban baƙo? Halas, shi ke nan, boko ya cinye ki.”

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. A wannan gida namu na girma, inda ake kai wa babba kwano a durƙusa a ajiye, a fita a ja ƙofa. Ma’aikatanmu ’yan wasu ƙasashe ne, suna da uzuri. Ni da aka ba aikin don na san mutanena, ni ce na fi kowa tsare ta da ido.

Washegari na sake rubuta tsarin: a auna kwano kafin a kai, a ajiye a fita, a auna bayan an ɗauko. Mudira ta ce in Hajiya ta shaƙe fa ba kowa? Na ce zan tsaya bayan ƙofa, ina jin motsinta ba ta ganina. Ta sa hannu.

Da azahar na shiga da kwano a rufe. Na durƙusa na ajiye, na ce, “Hajiya, ga ɗan abin taɓawa.” Ta ce ta ƙoshi. Na ce to, na fita na ja ƙofa, na jingina da bango. Shiru, shiru, har ƙafata ta fara sagewa. Can na ji ƙarar murfi.

Sai da na bari aka jima sannan na yi sallama na shiga. Kwanon yana inda na ajiye shi, a rufe, ita kuma ta juya tana kallon taga kamar ba abin da ya faru. Na ɗaga na ji ba nauyi. Na kai bakin ƙofa ke nan ta yi gyaran murya.

“’Yata, gobe ki ce musu su ƙara gishiri.”

Likita ya hana ta gishiri, na sani sarai. Na ce, “To, Hajiya.”