Burgamin da Na Ba Mai Gadi

A shekarata ta uku a Alƙahira ina karatun Jamusanci a tsangayar harsuna, muna haya mu huɗu a unguwar Madinat Nasr. Duk wanda ya tambayi sana'ar babana sai in ce ɗan kasuwa ne. Baduku ne. Burgamin fatar akuya da ya ɗinka mini da zan taho, tun makon farko na miƙa wa mai gadin gidanmu, na sayi jakar roba mai zif, don kada a ji mini warin jima.

Wata Talata malaminmu, wani Bamisire mai sanƙo da ba ya dariya, ya rubuta kalmar balgiz a allo, da ɗan tauraro a gabanta. Ya ce tauraron na nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, masana ne suka bi 'ya'yanta a Jamusanci da Ingilishi da danginsu har suka lalubo uwar. Ma'anarta jakar fata, tushenta kuma kumbura. Daga ita aka samu sunan zugazugin maƙeri da na tumbi. Sai ya tambaya me ya haɗa ukun.

'Yan ajin duk 'yan birni ne, a faranti kawai suka san akuya. Ni na sani, amma kusa da ni abokin zamana ne, wani Bakano ɗan masu hali, wanda na fi shara wa ƙarya.

Bakina ya riga ni. Na ce ba a tsaga cikin akuyar, ta wuya ake zare fatar kamar cire riga, a ɗaure ƙafafu, a hura a ga ko tana yoyo. Ka zuba hatsi, jaka ce. Ka sa mata bututu, zugazugi ce. Dama can tumbi fatar take rufewa.

Malamin ya tambaya a wane littafi na gani.

"Babana baduku ne," na ce. "Ba ya yarda mahauci ya feɗe masa akuyar burgami. Ni nake riƙe masa ƙafafun."

Sai a mota abokina ya tambaya ko Baba zai ɗinka masa gafaka. Wannan ya fi zagi ba ni kunya.

Da la'asar na sauka wurin mai gadi neman burgamina. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, tuni ya yanka ya yi wa takalmansa faci. Ya miƙo ƙafa yana yabon fatar, wai shekara biyu ba ta tsage ba.

Na tsuguna na duba. Ɗinkin babana yana nan a gefen diddige.