Kazar da na gasa wa Baba

Likita ya ce a raba Baba da gishiri da mai da duk abin da aka soya. Ciwon zuciya ne, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Shi kuwa ya ce ba zai ci abincin da ko kare zai sansana ya wuce ba. Kwana tara yana kan kunu, sai Inna ta bugo mini waya daga Kurfi ta ce yanzu ko kunun ma sai an yi da gaske.

Taurin kai a wurinsa na gada, don haka na ce sai na ga ƙarshen gardamar nan. Ranar Asabar na sa aka yanka mini kazar gida a Dutsin-Ma, inda nake aure. Na cire fatar, na shafe naman da tafarnuwa da citta da masoro da ruwan lemon tsami, na barbaɗa 'yar daddawa don kada ya ce magani na kawo masa. Na zura ta a obin har da kayan cikinta, ko ɗigon mai ban sa ba. Salak da tumatir da gurji kuwa na wanke su har sau uku, ina yanka ina masifa ni kaɗai, wai mutum da girmansa sai an lallashe shi kamar jinjiri. Yanzu na gane tsoro ne ya sa nake masifar.

Na isa gida bayan la'asar, na tarar da takalma jere a bakin zaure. Abokan Baba ne na kasuwar shanu, har da wasu tsofaffi biyu daga Rawayau waɗanda sai Sallah ake ganinsu. Suka amsa gaisuwata ƙasa-ƙasa. A tsakar gida Inna ta buɗe kwanon salak ta duba. Matar da kullum ke cewa ɗanyen ganye na akuya ne, ranar sai kawai ta mayar da murfi ta nuna mini ɗaki.

Baba na jingine da filo, rediyonsa a kashe. Na buɗe kula, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Ɗiyata, mi kika zo da shi haka?"

"Kaza ce, Baba. Kuma yau sai kun ci."

Ya yi murmushi, ya yagi tsoka kaɗan ya daɗe yana taunawa. Ya ɗauki ganye ɗaya ya ci, ya ce Allah Ya yi mini albarka, ko da yake na mai da shi akuya. Daɗi ya kama ni, na fara murna a raina cewa na ci nasara. Sai ya tura yatsa cikin naman yana lalube har ya zaro ƙundun, ya ce a kira masa babban wana.

A gidanmu, kamar kowane gida da na sani, ƙundun kaza na maigida ne. Tun tasowata ban taɓa ganin wani ya ci shi ba sai Baba, ko yana kasuwa ajiye masa ake yi a rufe.

Yaya ya shigo ya durƙusa. Baba ya miƙa masa.

"Haba Baba, wannan ai naku ne," in ji Yaya, ya ɓoye hannuwansa a baya.

Na ce, "Baba ku ci abinku, zan sake gaso wata ranar Asabar." Ko kallona bai yi ba. Inna na tsaye bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Amshi," ya ce wa Yaya. "Gara ka fara tun ina gani."