Kitson Rakiya da Sanƙon Farfesa

Har gobe ba na manta ranar da aka kawo mana Rakiya a Dapaong. Lokacin ina ƙaramin mataimakin bincike a ƙarƙashin Farfesa, muna auna motsin ƙwaƙwalwar yara masu farfaɗiya. Ana manna wayoyi a fatar kai, na'ura ta riƙa zana layuka. Sharaɗin shi ne kai ya zo a tsefe, babu ɗigon mai.

Rakiya 'yar Zangon Sokodé ce, an sallame ta daga makaranta saboda yawan faɗuwa. Sai da awon likita zai san maganin da ya dace da ita. Na'urar kuwa aro ce, da la'asar za a mayar da ita Lomé.

Na ja wa uwarta kunne ta wayar tarho a kan wannan sharaɗi. Sai ga yarinya ta sauko daga mota da sabon kitso, man kaɗe yana ƙyalli, kakarta na biye.

"Hajiya, ai mun ce babu mai."

"Jikata ta zo gaban babban mutum kai buzu-buzu kamar marainiya? Ba ina raye ba."

Farfesa ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga bayani. Ta ƙare wa sanƙonsa kallo.

"Yaro, kai da ba ka da ko sili ɗaya, me ka sani a kan kitso? Kuma waya a kan jikata? Fara sa wa naka."

Farfesa, mutumin da ɗalibai ke rawar jiki in ya yi tari, ya zauna, na manna masa wayoyin. Ya rufe ido, layuka suka canja. Ya buɗe, suka sake canjawa. Hajiya ta leƙa allon.

"Ikon Allah! Ashe da abu a ciki."

Na tsere waje don kada dariya ta ci mini aiki. Da na dawo, na tarar da ita da tsinke tana tsifar kitson Rakiya, tana faɗan a kawo ruwan ɗumi da sabulu. Mun gama awo direban da zai mayar da na'urar na ta danna oda.

Magani ya karɓi Rakiya. Ranar da aka ce mini ta koma aji, sai da na yi ƙwalla.

Ku sabbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan: yaron da aka kawo muku yana da masu shi. Kafin ku taɓa kansa, ku nemi yardar wadda ta kitsa shi.